Ga mai son zama malamin jami'a a fannin tsaro da sulhu

Duk shekara sai ɗalibi ya shigo ofishina da takarda, wai zai yi bincike kan "matsalar tsaro a Afirka". Nakan ce masa, wannan daji ne, ba take ba. Ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya, rikici ɗaya, shekara biyar. Misali rigimar burtali tsakanin manoma da makiyaya: me ya sa sulhun da dagaci ya ƙulla a wannan ƙauye ya ɗore, na maƙwabtansu ya warware tun kafin girbi?

Digiri na biyu kana iya yinsa a Jami'ar Ibadan, ko a Bradford ta Ingila, wadda ta buɗe sashen nazarin zaman lafiya a 1973. Amma kafin ka zaɓi makaranta, zaɓi malamin da zai duba aikinka, ka karanta rubuce-rubucensa tukuna.

Ka koyi ƙididdiga ko da ba ka sonta. Jami'ar Uppsala ta Suwidin, mai tattara alƙaluman rikice-rikicen duniya, ba ta sa rikici a lissafinta sai ya ci rai 25 a shekara. Ka ga kenan faɗan da ya kashe mutum tara, ya tashi ƙauye guda, ba zai fito a teburinsu ba. Nan ne aikinka yake, kai da ka san hanyar ƙauyen kuma kake jin harshen mutanensa. Idan Tafkin Chadi ka nufa, ƙara Faransanci, domin Nijar da Chadi da Kamaru da shi suke rubuta takardun hukuma. Barbarci ko Fulatanci kuwa zai buɗe maka bakin da tafinta ba zai buɗe ba.

Kuɗin bincike akwai TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ga malaman gida Najeriya, akwai CODESRIA, cibiyar tallafa wa binciken zamantakewa a Afirka, a Dakar. Mujallar da za ta karɓi kuɗinka ta buga cikin mako guda, guje ta.

Abin da na fi damuwa da shi amanar mutane ce. Wata dattijuwa a sansanin 'yan gudun hijira ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗana, wa zai karanta wannan?" Ɗanta na daji, tana tsoron kowane ɓangare. Tun ranar ba na rubuta suna a littafina, lamba nake sawa. Ba na naɗar murya sai da izini, kuma kafin in kama hanya mai shingen bincike nakan kwashe komai daga waya. Idan mutum ya ce a tsaya, ka rufe littafin, ku gaisa, ka tashi.