Yadda Ake Shatar Mota da Ɗan Jagora Don Ziyarar Wuraren Tarihi a Alƙahira

Wanda ya sauka Alƙahira, ko neman lafiya ya kai shi, ko kasuwanci, ko duba ɗa mai karatu a Azhar, in ya samu sararin kwana biyu zai so ya ga birnin da idonsa. Wuraren tarihin kuwa a warwatse suke, dalar Giza tana yamma da kogin Nilu a bakin hamada, tsofaffin masallatai suna gabas, tsakaninsu kuma akwai cunkoson da yakan cinye rabin yini. Shi ya sa shatar mota ta fi dacewa, musamman ga mai tafe da iyali ko dattijai, muddin shi ne ya tsara tafiyar, bai bar wa direba ragamarta ba.

A fara da raba aikin direba da na ɗan jagora. Direba yana tuƙi, yana neman wurin ajiye mota, yana jira a waje. Ɗan jagora shi ne mai shiga da ku ciki yana bayani, kuma na gaskiya yana riƙe da katin shaida na Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido da Kayan Tarihi, don haka ba rashin kunya ba ne a nemi ganin katin. Wanda ba ya jin Larabci ko Turanci sosai zai iya tafiya da ɗaya daga cikin ɗalibanmu na Azhar ya yi tafinta, sai dai a sanar tun farko domin a kawo motar da za ta ɗauke kowa.

Ciniki kuma a gama shi kafin ranar fita, a rubuce, ko da ta WhatsApp ne. A fayyace ƙarfe nawa za a ɗauke ku, awa nawa shatar za ta yi, waɗanne wurare za a je bi da bi, sannan ko kuɗin ya haɗa da mai, da kuɗin ajiye mota, da tikiti, da abincin rana. Sau da yawa tikiti ba ya ciki, kuɗin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa, kuma manyan wurare da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki. Saboda haka a gwada katin tun a otal, a tabbata yana aiki a wajen ƙasa. Akwai sharaɗi ɗaya da nake ganin ya fi sauran muhimmanci, wato a faɗa ƙarara cewa ba za a tsaya a shagon turare ko na takardar bardi (takardar Misirawan dā da ake yi da wani irin tsiro) ba sai kun nema. Masu irin waɗannan shaguna suna ba wanda ya kawo baƙo kamasho, kuma abin da aka kira tsayawar minti goma a sha shayi yakan zama awa guda.

Ranar farko a ba wa ɓangaren yamma. A bar masauki da sassafe domin a isa Giza da buɗe ƙofa, kafin rana ta take kuma kafin manyan motocin ayari su cika wurin. Babbar dala ta Khufu an gina ta wajen shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali kuwa ya kai mita 146. Shiga cikinta tikiti ne daban, hanyar kuma matsattsiya ce, a duƙe ake hawa cikin zafi da ƙarancin iska, abin da ke ƙarshenta kuma ɗaki ne na dutse da akwatin gawa wanda babu kome a ciki. Mai ciwon gwiwa ko asma ya haƙura, bai yi asarar kome ba. Masu raƙuma da dawaki su ma ɗan jagora ne zai yi magana da su, a yanke kuɗin hawa da na saukowa a gabansa. Daga nan sai gunkin Abul Haul mai jikin zaki da kan mutum, sannan sabon Babban Gidan Tarihin Masar da ke kusa, inda aka tara kayan fir'auna Tutankhamun. Saƙƙara, mai dalar Zosa mai hawa-hawa wadda ta girmi na Giza, tana can kudu, kuma ba a haɗa ta da gidan tarihin a rana ɗaya sai dai a yi wa duka biyun kallon gaggawa.

Rana ta biyu ta gabas ce, kuma ya fi kyau a faro daga kudu a gangaro arewa. A Fusɗaɗ, tsohon ɓangaren birnin, ne masallacin Amru bin Asi yake, wanda aka kafa a 642 bayan buɗe Masar, kuma kusa da shi akwai gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyin tsohuwar Masar 22 a shekarar 2021, har da ta Ramsis na Biyu. Mutanenmu da yawa sukan nufi tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir neman gawarwakin, alhali sun bar can. Sai ƙabarin Imamu Shafi'i, da masallacin Ibn Ɗulun na shekarar 879 mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta ta waje, da Ƙal'a, wato sansanin tsaro mai ganuwa da Salahuddin Ayyubi ya fara ginawa a 1176. A gindin Ƙal'ar ne masallacin Sultan Hasan yake, wanda aka fara a 1356, aka ware wa kowace mazhaba cikin huɗun makarantarta, kuma ya kamata a roƙi ɗan jagora ya nuna ɓangaren Malikiyya. Ba nisa daga nan akwai ƙabarin Jalaluddin Suyuɗi, malamin da ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Ba kasafai ake saka shi cikin tsarin baƙi ba, sai an ambata tun wajen ciniki.

Idan aka iso Azhar, wanda Faɗimawa suka fara ginawa a 970, amfanin mota ya ƙare. Titin Mu'izz, daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, kimanin kilomita ɗaya ne, da ƙafa ake bin sa, haka ma lungunan kasuwar Khan Khalili da harabar masallacin Husaini. A karɓi lambar direba, a ɗauki hoton lambar motar, a sa wuri guda sananne da lokacin haɗuwa, domin ba zai samu inda zai tsaya yana jira a bakin hanya ba.

Game da lokaci, safiyar Juma'a ce tituna suka fi zama fayau, amma masallatai sukan rufe wa masu ziyara gabanin salla, a watan azumi kuma wurare suna tashi da wuri. Daga Nuwamba zuwa Maris yanayi yana da daɗin yawo, har ma da sanyin da ke bukatar rigar sanyi da safe. A riƙe canjin fam na Masar a aljihu daban saboda bakshish, wato ɗan ihsanin da ake ba mai tsaron takalma a ƙofar masallaci da mai buɗe hasumiya. Na direba da na ɗan jagora kuwa a ƙarshen yini ake bayarwa, kowa nasa a hannunsa, bayan sun sauke ku a masauki.