Yadda ake gane lafiyar halittun ƙasan teku a yankunan ƙanƙara

Toh abin da yasa masu bincike suke damuwa da ƙananan halittun da ke kwance a ƙasan teku shi ne basa iya gudu. Kifi in ruwa ya ɓaci sai ya kama gabansa, amma tsutsar da ke cikin laka ko soson teku da ya manne jikin dutse dole su zauna su sha duk abin da ya zo, shi yasa in ka iya karanta su sai su baka labarin shekaru. A bakin tekun Antatika da na Aktik kuwa, wato ƙarshen kudu da ƙarshen arewa na duniya, aikin yana da wani tarko babba, ƙanƙara da kanta tana yin ɓarnar da in baka sani ba zaka rantse mutum ne yayi ta.

Mataki na farko, kafin ka taɓa ruwa ka san me ke damun wurin tun asali. Manyan tsaunukan ƙanƙara masu yawo a teku suna jan gindinsu a ƙasa suna niƙe duk abin da suka tarar, a tashar bincike ta Rothera da Birtaniya ke da ita a Antatika an daɗe ana bibiyar wannan kuma an ga wuraren da basu da zurfi su ne suka fi shan duka. A mashigin tekun McMurdo da ke Antatika akwai ƙanƙarar da ke fitowa daga ƙasan tekun kanta har zurfin kusan mita 30, ta daskare da halitta a ciki ta ɗago ta sama. Sannan ga lakar da kogin ƙanƙara ke zubowa in yana narkewa, a mashigin tekun Kongsfjorden da ke tsibiran Svalbard a Aktik kana matsawa kusa da bakin ƙanƙarar nau'ukan halittu suna raguwa saboda laka tana binne su, ba wai wani ya zuba guba ba. In baka rubuta duk wannan ba tun farko, sakamakonka zai yi maka ƙarya.

Na biyu, zaɓen wurare, kuma gaskiya nan ne aiki yake gyaruwa ko ya lalace. Kana buƙatar wurin da kake zargi, misali kusa da bututun ƙazantar wata tasha ko tsohon juji, sannan wuraren kwatance da suka yi kama da shi a zurfi da irin laka da yawan ƙanƙara amma hannun mutum bai kai ba. Kar ka tsaya a wurin kwatance ɗaya, samo biyu ko uku, domin wuri ɗaya zai iya zama tsaunin ƙanƙara ya bi ta kansa bara kai baka sani ba. Haka aka yi a kusa da tashar Casey da Ostireliya ke da ita a Antatika, aka gwada Brown Bay da tsohon juji ya gurɓata da wasu lungunan da ke nesa. Kuma a Antatika sai da izini, yarjejeniyar Madrid ta 1991 da ta fara aiki 1998 ta wajabta a duba illar kowane aiki ga muhalli kafin a fara.

Na uku, ɗibar samfur. A ƙasa mai laushi ana amfani da wani ƙarfe mai baki biyu da ake kira Van Veen, a zura shi da igiya ya ciji laka faɗin murabba'in mita 0.1 ya rufe baki. A kowane wuri ka ɗiba sau uku zuwa biyar, wanda ya fito a buɗe ko rabin cika ka zubar ka sake, kar sanyi yasa ka ce ai ya isa. Da ya hau jirgi, kafin ka zuba masa ruwa, ka buɗe ƙofar saman ka duba da idonka ka shinshina. Laka mai lafiya samanta launin ruwan ƙasa ne da ƙananan ramuka da bututun tsutsa, in kuwa ka ga baƙa wuluk tun daga sama tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokacin har da farar shimfiɗar bakteriya a kai, toh iskar oksijin ta ƙare a wurin. Ka cire ɗan laka gefe don gwajin girman ƙwayoyinta da mai da ƙarafa masu guba, ka auna zafi da gishirin ruwa, ruwan can yana sauka har kusan digiri 1.9 ƙasa da sifili kafin ya daskare.

Inda dutse ne ko inda akwai manyan soso, kar ka jefa ƙarfen nan don Allah. Hoto ake ɗauka, ko mai nutso ya ajiye firam mai kusurwa huɗu ya ɗauka ko a tura na'ura mai kamara. Wasu sosayen an sa musu ido shekaru da dama a McMurdo tun aikin masanin halittun teku Paul Dayton na shekarun 1960 ba a ga sun ƙara girma ba, abin takaici ne a fasa irin wannan don samfur ɗaya.

Na huɗu, tacewa. A rariya mai ido milimita 0.5 ko 1 ake wanke lakar da ruwan teku, a hankali, in ka sakar mata ruwa da ƙarfi tsutsotsin zasu dagargaje ka rasa kawunan da ake gane su da shi, ga ruwan yana daskarewa a idon rariyar in iska ta taso dan haka a yi a cikin rumfa in da hali. Duk girman idon da ka fara da shi kar ka canza. Abin da ya rage a zuba a kwalba da fomalin, ruwan maganin da ke hana ruɓewa, wanda za a yi wa gwajin DNA kuma a saka shi a barasar etanol mai ƙarfi, a rubuta wuri da rana da zurfi da fensir a takarda a jefa ciki, tawada gogewa take yi.

Na biyar shi ne mai cin rai, zama gaban maikiroskop ana ware su ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa ana auna nauyi, watanni yake ɗauka.

Sai na shida, fassara. Tun 1978 masu bincike Pearson da Rosenberg suka nuna cewa in ƙazanta tayi yawa manyan halittu masu tsawon rai suna ɓacewa, ƙananan tsutsotsi masu saurin hayayyafa irin su Capitella su cika wurin. A kan wannan aka gina ma'aunin AMBI a Sifen a 2000, wanda ya kasa halittu gida biyar daga marasa juriya zuwa masu cin gajiyar ɓarna. Ma'auni ne mai amfani amma da halittun tekun Turai aka gina shi, da yawa daga na Antatika basa cikin jerin, kuma shi bai san bambancin wurin da ƙanƙara ta niƙe da wurin da mai ya zuba ba, dukkansu ƙananan tsutsotsi zai gani. Dan haka lambar kaɗai bata isa ba, sai ka ɗora ta kan gwajin laka. In halittu sun ragu kuma ga mai ko gubar ƙarfe a lakar kamar yadda aka samu a Winter Quarters Bay gaban tashar McMurdo, toh ka kama ɓarawo. In lakar tsaf take sai dai ta ƙaru, ka waiwayi kogin ƙanƙara, kamar Potter Cove a tsibirin King George na Antatika inda ja da bayan ƙanƙarar Fourcade ya turo laka har halittun da ke tace ruwa suka ragu wasu masu jure laka suka maye gurbinsu.

Na ƙarshe ka koma. Zuwa ɗaya a bazara ɗaya hoto ne kawai, su kuwa halittun nan akwai mai ɓawo irin Laternula elliptica da ke haura shekara 30 a raminta, farfaɗowarsu ma a hankali take. Ka ajiye lambobin GPS, ka koma a wata ɗaya da kayan aiki iri ɗaya da rariya iri ɗaya, kwalaben kuma a adana su da kyau saboda wanda zai zo bayan shekara ashirin ya buɗe ya sake ƙirgawa.