Inshorar Gida a Bene da Kayan Cikinsa

Ina zaune a hawa na biyu a wani bene a Garwa, a Kamaru. Kafin ka sa hannu a takardar inshora, tambayi mai kula da benen ko ginin kansa yana da tasa. Sau da yawa rufi da matakala ta rufe, kayan ɗakinka ba ruwanta da su.

Kai naka aikin shi ne ka nemi wadda kamfanoni ke kira "multirisque habitation", wato inshorar gida mai rufe gobara, sata da ɓarnar ruwa. Ka tabbata ta haɗa da haƙƙin maƙwabci, don famfona ya taɓa fashewa ya jiƙa katifar na ƙasa da ni, kunya ta ishe ni.

Ɗauki hoton firji, talabijin, keken ɗinki, ka adana rasit. Gwal ɗin uwargida a rubuta shi daban, kada ka rage darajarsa don inshorar ta yi maka arha.

A dokar CIMA (ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka), wadda Kamaru da Cadi ke bi, sai ka biya kuɗin inshorar take fara aiki. In an yi sata, kai rahoto wurin 'yan sanda, ka sanar da kamfani cikin awa 48. Ambaliyar kogin Binuwai kuwa, tambaya da bakinka, ba kowace takarda ke ɗaukarta ba.