Jan biro ya ɗan jira: kurakuran da muke yi wajen koya wa yara rubuta labari

Kuskuren farko namu ne, mu malamai. Sai mu rubuta "Ranar da ba zan taɓa mantawa ba" a allo, mu ce minti 30, mu koma kujera. Yaron da jiya da daddare ya hana ƙannensa barci da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, yau ga shi yana tauna murfin biro. Labari kam yana da shi, hanyar sauke shi a takarda ce ba a nuna masa ba. Kafin a buɗe littafi, a zaunar da su bibbiyu, kowa ya ba ɗan'uwansa labarin da baki. Sannan ya amsa tambaya uku a gefen shafi: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya? Tsarin ke nan.

Na biyu ya fi ɓarna, kuma ni ma na tafka shi. Wata 'yar aji biyar ta kawo mini labarin akuyarsu da ta ɓata ranar jajiberin Babbar Salla. Na mayar mata da takardar jawur: na haɗe "ta na", na raba "zanje", na sa wa kowace "ƙ" ƙugiyarta. Ban ko tambaye ta an ga akuyar ba! Mako na gaba layi huɗu ta rubuta, tsaf, ba kuskure, ba kuma labari. A rubutun farko, tambaya ake yi wa yaro: "Da kika ga turke ba akuya, me kika yi?"

Sai cutar "sai". Sai muka tashi, sai muka yi salla, sai muka karya. Rabin shafi ya tafi, akuya na nan ɗaure. A ce wa yaro ya soke duk wannan, ya fara daga igiyar da aka tarar a yashe. In ya rubuta "Inna ta damu", a tambaye shi me ya gani a fuskarta, me ta ce.

Rufewa da "ashe mafarki nake yi" kuwa gudun aiki ne. A hana.

Yara da yawa sun ɗauka bita ita ce sake kwafe labari da kyakkyawan rubutu. A sa su riƙa tsallake layi tun farko don gyara ya samu wuri, sannan kowa ya karanta nasa a bayyane. Inda harshensa ya sarƙe, nan aiki yake. Ƙa'idojin rubutu su zo ƙarshe, amma lallai su zo, don "kafa" daban, "ƙafa" daban. In ajinka ya kai mutum 70, kada ka kwashi littattafai duka gida. Ɗauki goma a mako, sauran su yi musaya.