Yadda na gyara manhajar da ke mutuwa wajen rufewa

Kwana uku na yi ina fama da wata manhaja ta Windows mai karanta na'urar auna zafi duk bayan milisakan 5. Da SetTimer, umarnin Windows na saita agogon da zai riƙa tada aiki, na fara, na ga ba ta kai: agogon Windows yakan buga ne duk milisakan 15.6, kuma saƙon WM_TIMER, wanda ke sanar da manhaja cewa lokaci ya yi, shi ne na ƙarshe a layi. Sai na koma wani umarnin saita agogo, CreateTimerQueueTimer, na haɗa da timeBeginPeriod(1) mai sa agogon Windows ya riƙa bugawa duk milisakan 1. Lokaci ya daidaita, amma wani lokacin da na rufe taga sai manhajar ta faɗi warwas.

Laifina ne. Aikin da agogon ke kira a wani zare daban yake gudana, wato yana tafiya lokaci guda da sauran manhajar. Ina share ma'ajiyar bayanai, shi kuwa yana tsakiyar rubutu a cikinta.

Na ba DeleteTimerQueueTimer, wadda ke kashe agogon, ƙimar INVALID_HANDLE_VALUE don ta jira aikin ya ƙare kafin in share komai. Faɗuwa ta tsaya, sai daskarewa ta maye gurbinta! Ashe aikin yana kiran SendMessage don aika wa taga saƙo, yana jiran taga ta amsa, taga kuma tana jiransa. An yi cirko-cirko ke nan. Na musanya SendMessage da PostMessage, wadda ke ajiye saƙo ta wuce abinta.

Yanzu aikin na karanta na'urar ne kawai, ya duba lokaci da QueryPerformanceCounter, ma'aunin lokaci mai daidaito sosai, ya fita. Na kuma sa timeEndPeriod(1) da na manta, wadda ke soke timeBeginPeriod(1), don barin agogon a wannan saurin yana cin batir.