Yadda ake haɗa tantanin batirin haidurojin da zai jure alkali

Tantanin farko da na zuba da hannuna ya fito garau kamar ledar burodi. Na jiƙa shi cikin ruwan KOH mai zafi, wato alkali mai ƙarfi, da na zo ɗago shi bayan 'yan makonni sai ya dagargaje. Laifin na ƙashin bayan robar ne, wato babbar sarƙar da aka gina ta da ita, kuma daga nan ya kamata ka fara.

Aikin tantanin shi ne ya raba haidurojin da oksijin, ya bar haidurokusaid, ƙwayar alkali mai ɗauke da caji, ya ƙetare. Batiran kumbon Apollo da ruwan KOH suka yi wannan aiki. Mu roba mai aiki a alkali muke so, domin a cikin alkali ana iya rage filatinam mai tsada a koma ga irin su nikel da azurfa. Ciwon kan shi ne, haidurokusaid ɗin da tantanin ke goyo shi ne ke cinye shi.

Saboda haka ka guji robar da ke da oksijin a mahaɗar zobbanta, irin folisalfon. Nan haidurokusaid ke datse sarƙar. Ka nemi wadda kabon ke riƙe da kabon tun daga farko har ƙarshe. Sai kuma ƙugiyar da ke ɗauke da caji. Tsohuwar amoniyam ɗin da ake rataya wa jikin zobe tana karyewa da wuri. A 2015 Marino da Kreuer suka gwada ire-irensu a Jamus, suka ga masu zoben fiferidiniyam sun fi juriya. A kan wannan zobe aka gina tantanin PiperION da ya fito daga Jami'ar Delaware.

Haɗin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so. Narka tarfenil da fiferidon cikin daikuloromisen, ka kafa kwalbar cikin ƙanƙara, ka riƙa ɗiga asid ɗin tirifilik ɗigo-ɗigo. Wannan asid ya fi na batirin mota mugunta nesa ba kusa ba, kada ka buɗe shi sai a akwatin zuƙe hayaƙi. Idan haɗin ya yi kauri ya fara yauƙi, ka juye, ka wanke, ka busar. Mesil ayodaid ne zai sa masa caji. Sannan ka narka shi cikin ruwan narkarwa na DMSO, ka tace, ka zuba a gilashi, ya kwana a zafi digiri 80 na ma'aunin Celsius. Ka daidaita teburin tukuna. Ni na taɓa samun tantani gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya kamar ɓawon albasa.

Kada kwaɗayin gudu ya ja ka. A cikin ruwa haidurokusaid bai fi rabin saurin furoton, ƙwayar da ke ɗaukar caji a asid, da kaɗan ba, shi ya sa kowa ke son cusa caji da yawa. To amma caji ruwa yake ja, tantanin ya kumbura ya saki jiki. Ni ina tsayawa tsakanin milimol 2 da 2.8 na caji a kowane giram.

Wajen auna saurin wucewar caji, iskar ɗaki abokiyar gaba ce. Kabon dayokusaid na mayar da haidurokusaid kabonet, wato sinadarin da ke cikin ruwan tokar da ake sabulu, kuma kabonet nawa ne da shi. Ka yi awon a ƙarƙashin naitirojin, da ruwan da aka kore wa iska. Tantani mai kyau yana haura milisimens 100 a santimita a zafi 80.

Gwajin da kowa ke yi shi ne jiƙawa cikin KOH mola 1 a zafi 80 na awa 1000, a duba da na'urar NMR ko sarƙar ta lalace. Ka yi shi, amma kada ka gamsu. Rukunin Dario Dekel na jami'ar Technion ta Isra'ila ya nuna cewa idan ruwa ya yi ƙaranci, haidurokusaid ya rasa rigar ruwan da ke lulluɓe shi, sai ya ƙara kaifi. A batiri na gaske ɓangaren oksijin shan ruwa yake yi, can ne ke bushewa idan an ja wuta da yawa. Ka yanki wani ƙyalle ka gwada shi a busasshen yanayi kafin ka gaya wa kowa ka dace.