Yadda za ka gane wanne ya fi sauƙi, sola ko janareta

Yawancin mutane kuɗin ranar saye kawai suke kallo, su ga janareta ya fi arha sai su ɗauka, kuma wallahi nan ake tafka asara, don shi janareta kullum sai ka ciyar da shi, ita kuwa sola kusan duk kuɗinta a farko ake biya.

Fara da sanin wutar da kake sha. Duba bayan kowane kaya, firji, fanka, talabijin, akwai wat ɗinsa a rubuce, ka ninka da awannin da yake aiki a rana, ka tara duka ka raba da 1,000, shi ne yunit ɗinka. A ce ka samu yunit 5 a rana, a shekara 10 ya zama 18,250 kenan. In janaretanka yana ba da yunit 2 a kowace lita, lita 9,125 za ka ƙona, sai ka ninka da farashin mai na yau. Kar ka manta da baƙin mai da fulogi da kuɗin makaniki, kuma ƙaramin janareta da ake tayarwa kullum da wuya ya kai shekara 10, sai ka sa kuɗin sabo a lissafin. Shi kansa man ba ya tsayawa waje ɗaya, a 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke gangar ɗanyen mai ta haura dala 100.

Sai ɓangaren sola. Fanel ya yi sauƙi sosai, farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma masu kyau garantin shekara 25 ake ba su. Inda ya kamata ka buɗe ido shi ne batir. Mai ruwa shekara 3 zuwa 5 yake yi, kenan a shekara 10 za ka sake shi sau ɗaya zuwa uku, na litiyom ya fi tsada amma yana iya kai shekara 10. Duk mai sayarwar da bai yi maka maganar canjin batir ba, ka tambaye shi da kanka. Haɗa da kuɗin inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, da wayoyi da kuɗin mai haɗawa.

To yanzu raba jimillar kowanne da 18,250 ɗin nan, ka ga nawa yunit ɗaya ya tsaya maka. In wuta kake sha kullum galibi sola ce ke fin sauƙi, in kuwa sai jefi-jefi kake tayar da inji, janaretan zai iya fi maka. Kuma in ka mayar da guga da famfon ruwa zuwa tsakar rana, ƙaramin batir ma ya ishe ka, kuɗin ya ƙara sauka.